Na karɓe wayar 'yata saboda wata waƙa, yau kwana tara ba ta sake da ni ba

Uwar Huɗu, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan, ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ci tura.

Ina da 'ya mai shekara 15, tana aji ɗaya na babbar sakandare. Ranar Asabar ta wancan makon ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji autana ɗan shekara 6 yana rera wani baiti yana kaɗa murfin bokiti. Rabi Hausa, rabi Turancin buroka. Ɓangaren Hausar kaɗai ya ishe ni, wallahi ba zan iya rubuta shi a nan ba. Na kira shi na ce wa ya koya maka, ya ce a wayar Yaya yake ji in tana wanke-wanke.

Ban yi wata-wata ba na shiga ɗaki na karɓe wayar, na kuma gaya mata maganganu masu zafi, har da waɗanda yanzu nake da-na-saninsu. Ba ta ɗaga mini murya ba. Abu ɗaya ta faɗa, kanta a sunkuye: "Umma, ai ita aka sa a bikin Anti, kuma kin fito kin yi liƙi." Na rasa ta cewa, don ba ƙarya ta yi ba. Ni kiɗan kawai na ji ranar, ban saurari abin da ake faɗa ba.

Tun ranar tana gaishe ni, tana yin duk aikin da na sa ta, amma hirar da muke yi bayan isha'i ta mutu. Da ita ce mai ba ni labarin makaranta har sai na ce ta je ta kwanta. Mahaifinta a Abuja yake aiki, sai ƙarshen mako yake biyo jirgin ƙasa ya sauka Rigasa, shi ya ce a sayar da wayar kowa ya huta. To amma ta wayar ake turo musu aikin gida a zauren ajinsu. Ku ba ni shawara don Allah, raina a jagule yake.

Baban Yara, Kawo:
Wa alaikumus salam. Hajiya, maigidanki ya gama magana. A sayar. In don aikin makaranta ne, a sa lambarki a zauren ajin, ki riƙa nuna mata. Ita kuma a saya mata ƙarama mai tocila don kira. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Fushin kwana tara ba komai ba ne, ko wata tara ta yi za ta sauko. Mu da aka yi wa tarbiyya da bulala ga mu nan muna yi wa iyayenmu addu'a. Ni a gidana babu yaron da ke riƙe babbar waya sai ya gama sakandare, kuma ban ga abin da ya rage su da shi ba.

Maman Tagwaye, Unguwar Dosa:
Gaskiya ne Alhaji. Allah ya shirya mana zuri'a.

Ɗalibar KASU:
Iyayena ku yi haƙuri zan sa baki a maganar manya, amma abin da Umma ta ba da labari ni ma ya faru da ni ina da shekara 16. An karɓe wayata wata huɗu. Wallahi ko kwana ɗaya ban yi ba tare da na ji waƙar da nake so ba. A makaranta akwai wayar ƙawa, a hanyar Islamiyya akwai wayar ƙawa, akwai ɗan memori da nake ɓoyewa a cikin bangon littafin lissafi. Abin da ya canja kawai shi ne na daina gaya wa mamana komai. Har wani abu ya taso mini da wani saurayi da ya dame ni da saƙonni, na yi ta fama ni kaɗai, don na san in na faɗa za a ce dama ga irinta nan.

Sannan Umma, ba don in kare ƙanwata ba, yawancinmu ba kalmomin muke bi ba. A TikTok guntun waƙa ake yankowa, daƙiƙa 15 ko 20, kowa ya hau kai, mai girki ya hau, mai tallan atamfa ya hau, mai wasan barkwanci ya hau. In kin ji abu sau hamsin a rana sai ya zauna a bakinki ba ki ma san me yake nufi ba. Kamar dai yadda kika ce kiɗan kawai kika ji a wajen biki.

Baban Yara, Kawo:
'Yata, kin kawo hujjar da ta kayar da ke. In ba a bin kalmomi, ya aka yi ɗan shekara 6 ya haddace su? Kunne ba ya tace abin da zai shiga. Abin da ya zauna a baki wata rana zuciya zai gangara.

Ɗalibar KASU:
Haka ne Baba, ban musa ba. Cewa na yi karɓe waya ba ya hana ji. Bakin yarinyar kawai yake rufewa.

Mai Gyaran Waya, Kasuwar Barci:
Ni sana'ata ke nan, gyara da turi, shekara goma sha ina kai. Bari in gaya muku abin da nake gani da idona.

Na farko, masu zuwa a tura musu irin waɗannan waƙoƙin ba yara ba ne kaɗai. Magidanci da furfurarsa zai miƙo memori ya ce a cika masa da sababbi masu zafi, na mota yake so. Kuma a motar nan yake kai yara makaranta da safe. Na biyu, yanzu yaro ba ya ma buƙatata. Da Xender ko bulutut, ɗaya ya sauke, ajin gaba ɗaya ya samu, ko data ba a ci ba. Na uku, ku shiga Keke Napep daga Kasuwa zuwa Kawo ku ji abin da sifika ke fitarwa, ga 'yan makaranta an cika baya da su. Wa za a karɓe wa waya a nan?

Amma akwai abin da uwa za ta iya yi, ba cewa nake a naɗe hannu ba. A Spotify da Apple Music duk waƙar da aka yi wa alamar harafin E, to akwai batsa ko ashar a ciki, kuma akwai wurin da ake kashewa a hana kunna irinsu. YouTube na da nasa tsarin taƙaitawa. TikTok na da hanyar haɗa asusun uwa da na 'ya, ki ƙayyade mata lokaci, ki rufe saƙon sirri. Akwai kuma Family Link na Google, wanda sai kin amince kafin ta sauke wata manhaja. Duk wanda ya kawo waya ina saita masa, ba wani abu mai wuya ba ne.

Sai dai in faɗi gaskiya, waɗannan sun fi kama waƙoƙin Turanci. Waƙar Hausa da yaro ya yi a situdiyon unguwa ya watsa ta WhatsApp, babu wanda ya yi mata alama, babu na'urar da ta san abin da yake faɗa. Wannan sai kunnen mutum.

Maman Tagwaye, Unguwar Dosa:
Innalillahi. To ina hukuma take? Ba za a hana ba ne?

Tsohon Ma'aikacin Rediyo, Unguwar Sarki:
Hajiya, tambayarki ta taɓo inda na ƙare ƙuruciyata, don haka ku yi haƙuri zan ɗan ja.

Lokacin da muka fara aiki, waƙa ba ta hawa iska sai wani ya zauna ya saurare ta daga farko har ƙarshe. In akwai baitin da bai dace ba, ko a yanke shi, ko a rubuta a jikin faifan cewa ba na watsawa ba ne, a mayar da shi ɗakin ajiya. Gidan rediyon Kaduna tun da aka kafa shi a 1962 muryarsa har Nijar da Kamaru da Gana take kaiwa, kuma mai gabatar da Zaɓi Sonka ya san tsoho da jikansa a tabarma ɗaya suke sauraro. Ƙofa ɗaya ce waƙa ke bi ta shiga gida, kuma akwai mai gadi a bakinta.

Hukumar NBC, mai sa ido kan gidajen watsa shirye-shirye a Najeriya, da aka kafa a 1992 har gobe tana da ikon cewa kada a sa waƙa kaza, amma ikonta a kan gidajen rediyo da talabijin yake. Ba ta da hannu a kan wayar da ke cikin jakar 'yarki. Kano sun kafa hukumar tace fina-finai a 2001, suna sa ido har a kan mawaƙa, amma dokar jiha iyakarta jiha, intanet kuwa ba ta san Kwanar Dangora ba. Kuma abin da na lura da shi tsawon shekaru, ranar da aka sanar an hana waƙa, ranar wanda bai taɓa jinta ba yake tashi nemanta.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka a 1985 har gaban kwamitin majalisar dattawa aka kai maganar nan. Wadda ta ja gaba, Tipper Gore, matar Sanata Al Gore, faifai ta saya wa 'yarta, ta ji abin da ke ciki hankalinta ya tashi, kamar dai Hajiyar Tudun Wada. Ƙarshenta kamfanoni suka yarda su riƙa manna gargaɗi ga iyaye a jikin faifai, baƙi da farin tambarin nan da aka daidaita a 1990. Shi ne kakan harafin E da mai gyaran waya ya ambata. Amma ku lura, gargaɗi ne kawai. Sun manna, sun mayar wa iyaye ragowar aikin.

Ni ba na goyon bayan a sayar da wayar, kuma ba na goyon bayan a miƙa mata haka nan kamar ba a yi komai ba. Mai gadin da ke bakin ƙofa a zamaninmu ya tashi. In ba a sa wa yarinyar nan nata mai gadin a cikin ƙirjinta ba, babu wani da zai zo.

Hajiya Kaka, Unguwar Shanu:
Jikata ce ke rubuta mini, ni ke faɗa.

Ina jin ana ta cewa zamani ya lalace kamar mu a zamaninmu bakin kowa da alwala. Ba haka ba ne, kada mu yi wa yaran nan ƙarya. 'Yan gambara fa? Duk wanda ya ci kasuwar ƙauye a da ya san abin da ke fita daga bakinsu, har mace ta ja mayafi ta canja hanya. Kiɗan ƙwarya da amada da muke yi a cikin gida ranar suna ko biki, akwai baitocin da in na maimaita su yanzu jikar nan tawa za ta ajiye wayar ta gudu. Marigayiya Barmani Choge da muke ta yabo, Allah ya jiƙanta, ai ba ta jin nauyin faɗin abin da ke tsakanin mata.

Amma abu biyu ne suka bambanta. Na ɗaya, komai da muhallinsa. In za a kifa ƙwarya a ruwa, sai an kori yara da maza, a ja ƙyaure. Matan aure ne zalla, su suka san abin da ake nufi. Budurwa ko leƙe ta yi sai ta sha ranƙwashi. Na biyu, a sakaye ake yi. Za a ce tukunya, a ce murfi, a ce tsani, mai hankali ya gane, yaro ya ɗauka maganar girki ce. Na yanzu kuwa sunan abu suke kira tsirara, kuma a gaban kowa, a sifikar da ake ji har layi na uku.

Ke uwar yarinya, ki ji da kyau. 'Yar da ta iya sunkuyar da kai ta gaya miki gaskiya ba ta lalace ba. Wadda ta lalace "to" za ta ce miki, ta juya ta yi abin da ta ga dama. Kada ki bari shirun nan ya kai wata guda. Shirun budurwa ba alheri ba ne.

Uwar Huɗu, Tudun Wada:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wallahi ina karantawa hawaye na zubo mini.

Baban Yara, Kawo:
Hajiya Kaka, Allah ya ja kwana. Amma ai maganarki ni ta goya wa baya. Kin ce da ana korar yara a ja ƙyaure. To karɓe waya ai shi ne jan ƙyauren yanzu.

Hajiya Kaka, Unguwar Shanu:
Ɗana, mu da muke jan ƙyaure ba ma kiran makaɗan su biyo mu tsakar gida gaban yara. Ku kuwa ku ke ɗauko DJ da kuɗinku, ku zaunar da yara a gaba, ku yi rawa, ku dawo gida ku ce haram.

Malamin Islamiyya, Rigasa:
Bismillah. Akwai abubuwa biyu da ake cakuɗawa, gara a raba su.

Hukuncin kiɗa da waƙa a kan kansu, malamai sun yi magana mai tsawo. Mafi yawa sun tsananta, kuma Risala da muke karantarwa a makarantunmu ta hana mutum ya nufi sauraron kayan wasa da waƙa. Abdullahi ɗan Mas'ud ya fassara "lahwal hadisi" da ke aya ta 6 a Suratu Luƙman da waƙa. Wasu kamar Ibn Hazm sun sassauta. Wannan saɓani ne sananne, ba a zauren WhatsApp za a ƙare shi ba. Amma batsa, da siffanta tsiraici, da kwaɗaitar da alfasha, babu malamin da ya halatta su, da kiɗa ko babu kiɗa. Saboda haka Hajiya, fushinki a kan gaskiya yake, kada wani ya sa ki ji kamar kin yi laifi da kika hana.

Sai dai maganar da yarinyar ta faɗa hujja ce a kanmu duka. Allah ya tambayi muminai a Suratus Saffi don me suke faɗin abin da ba sa aikatawa. Yaro ba ya koyon abin da muka ce, abin da muka yi yake koyo. Ina karantar da 'yan mata sa'annin 'yarki kullum da yamma, kuma tambayar da ta fi yawa a bakinsu ita ce, "Malam, to me ya sa su suke yi?"

Shawarata, ki kira ta ku biyu, ba gaban ƙannenta ba. Ki fara da naki: ki ce abin da na yi a bikin nan kuskure ne, ban saurara ba, kuma kalmomin da na gaya miki cikin fushi ban kyauta ba. Bayan nan ki gaya mata abin da ba za ki lamunta ba a gidanki da dalilinsa. Ki duba surar nan ta Luƙman, duk nasihar da ya yi wa ɗansa da "ya bunayya" yake buɗe ta, wato ya ƙaramin ɗana, kalmar tausasawa. Hani ne mai ƙarfi a cikin murya mai taushi.

Baban Yara, Kawo:
Allah ya gafarta Malam, duk na yarda ban da ɗaya. Uwa ta ba 'yar cikinta haƙuri? Gobe kuma ta taka ta. Wannan tarbiyyar Turawa ce.

Malamin Islamiyya, Rigasa:
Alhaji, ban ce ta janye hanin ba. Cewa na yi ta amsa kuskuren da ta san ta yi. Girman uwa ba ya zubewa don ta ce na yi kuskure. Inda yake zubewa shi ne yaro ya gane an san gaskiya an take ta don an fi shi ƙarfi.

Malamar Sakandare, Barnawa:
Ni Kirista ce, amma damuwar nan ɗaya ce a gidajenmu. A zumuntar mata mun sha tattauna ta, don yaran da ke ƙungiyar mawaƙan coci ranar Lahadi su ne ke da waɗannan waƙoƙin a waya ranar Litinin. Mu ma Littafi Mai Tsarki, a Afisawa sura 4, ya hana ruɓaɓɓiyar magana fita daga bakin mai bi.

Bari in faɗi abin da na gwada a aji. Turanci nake koyarwa. Wata rana na shiga na tarar suna rera wata waƙa da ake yayi, sai ban yi faɗa ba. Na ce kowa ya fito da takarda ya rubuta baitocin, sannan ya fassara su da Hausa ko da harshen gidansu, kamar zai karanta wa kakarsa. Ajin ya yi tsit. Wasu sun rubuta layi biyu suka tsaya. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ashe abin da yake cewa ke nan?" Da yawansu burokan da Yarabancin da ke ciki ba su taɓa tsayawa sun warware ba. Sai muka shiga maganar yadda waƙar ta ɗauki mace, kamar kayan da ake saye da kuɗi a yar. 'Yan matan da kansu suka fusata, ba ni na sa su ba.

Ban ce sun daina ji ba, ƙarya ne in faɗi haka. Amma tun ranar in sabuwa ta fito sukan zo su ce, "Malama, wannan ma kin ji abin da ke ciki?" Kunnensu ya buɗe. 'Yar'uwa, ki gwada da 'yarki. Ki ba ta wayar a hannu, ki ce ta kunna, ku saurara tare, ta fassara miki baiti baiti. Ba don ki kunyata ta ba. Don ta ji da kunnen da ƙanenta ya ji.

DJ, Malali:
Tun ɗazu ake ambatonmu, bari in kare kaina. Ni abin da aka biya ni in sa shi nake sawa. Kafin biki ƙawayen amarya ke turo jerin waƙoƙi, kuma in na sa mai sanyi fili ya watse, iyayen biki da kansu ke aiko yaro a ce in canja, an zo rawa ba ta'aziyya ba. Sau nawa uwar amarya ta kira ni kafin biki ta ce ga abin da ba ta so? A shekarar nan sau biyu. Kuma duka biyun na bi, biki ya yi kyau, an yi liƙi, babu wanda ya ce an rage shi da komai. Yawancin waƙoƙin nan ma suna da wanda aka tsabtace don rediyo, ko kiɗan zalla babu murya. Ku tambaya kawai. Ni ma ina da 'ya mace, ba na jin daɗin ganin ƙananan yara a gaban sifika suna kwaikwayon rawar manya ana ɗaukarsu a waya ana dariya.

Matashi Mai Waƙa, Badarawa:
Don Allah kada a haɗa mu duka a yi mana kuɗin goro. Ina waƙa shekara huɗu. Na yi ta shaye-shaye, na yi ta 'yan sara-suka, na yi ta iyaye mata. Kuɗin situdiyo daga ɗinkin da nake yi nake cirewa. Wa ya tura wa wani? Iyayen da ke kukan batsa ko sau ɗaya ba su taɓa ɗora waƙata a status ba. Wani kuwa zai yi baiti ɗaya na banza, kafin magariba ya zagaye Kaduna, har masu zaginsa su ne ke yaɗa shi, suna cewa ku ji abin da yaran nan ke yi. Wallahi an sha ba ni shawara in sa ɗan gishiri in ina so in fito. Ban yi ba, amma na san abin da ya sa wasu ke yi.

Maman Tagwaye, Unguwar Dosa:
Turo mana naka mu ji ɗana. Allah ya yi maka albarka.

Ɗalibar KASU:
Akwai abu ɗaya da ba a taɓo ba. Umma, a cikin huɗun akwai namiji babba? Don a gidaje da yawa yaya namiji zai ƙure sifika a ɗakinsa na zaure da waƙar da ta fi wannan muni, ba mai cewa uffan, sai a ce ai namiji ne. Mace kuwa ko a iyafis aka kama ta an shiga uku. Mu muna ganin wannan, kuma yana ci mana rai fiye da karɓe wayar.

Uwar Huɗu, Tudun Wada:
Akwai, shekararsa 18. Kuma gaskiya ban taɓa duba abin da yake ji ba. Kin sa na yi shiru.

Baban Yara, Kawo:
A nan kam na ba ki gaskiya 'yata. Doka in za a yi a yi wa kowa. Amma har yanzu ina kan bakana, yarinya 'yar 15 ba ta da abin yi da TikTok. Su kansu masu abin sun ce sai mai 13, to mu da muka san tarbiyya sai mu ƙara a kai, ba mu tsaya inda suka tsaya ba.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo, Unguwar Sarki:
Wannan kuma magana ce da za a iya zama a kanta, Alhaji. Cire manhaja ɗaya daban, sayar da waya daban.

Uwar Huɗu, Tudun Wada:
Salam 'yan zaure, na ga ya kamata in dawo in faɗa muku yadda aka yi, tunda kun ba ni lokacinku.

Jiya bayan isha'i na aiki ƙannenta gidan maƙwabta, na kira ta ɗakina. Na fara da nawa kamar yadda Malam ya ce. Kafin in ƙarasa ta fashe da kuka, ta ce ba wayar ce ta dame ta ba, kalmar da na kira ta da ita ce, ta ce ta kwana goma tana jinta a kunne. Ni ma na yi kuka.

Sai na miƙa mata wayar na ce ta kunna waƙar ta fassara mini, yadda Malamar Barnawa ta ce. Ta kunna, ta yi baiti na farko, da aka zo na biyu ta kashe, ta ce, "Umma ba zan iya ba." Na ce to shi ne autanmu ke rerawa a tsakar gida. Ba ta ce komai ba, ta goge ta da hannunta, da wasu guda uku da ban ma san da su ba.

Amma ba a kan komai muka daidaita ba. Na ce a cire TikTok, ta ce a nan take koyon ɗaurin ɗankwali da girki, kuma duk ƙawayenta suna ciki, ta roƙe ni in haɗa asusunta da nawa in riƙa gani. Ta kuma ce akwai waƙoƙin soyayya da babu batsa a cikinsu, waɗannan ba ta ga dalilin hana ta ba, tunda ni ma ina jin na Indiya tun ina budurwa ba tare da na san abin da suke faɗa ba. Ban ba ta amsa ba, na ce sai Abbanta ya zo. Yanzu dai wayar na hannunta daga dawowa makaranta zuwa ƙarfe tara, a ɗakina take kwana a caji, kuma babu kunna waƙa a sifika gaban ƙanne.

Yayan nata na yi masa magana da safe, ya ɓata rai, ya ce shi ba yaro ba ne. Wannan na bar wa mahaifinsu. Jibi Juma'a zai shigo jirgin yamma, kuma har yanzu bai san na mayar mata da wayar ba. Mai gyaran waya, in Allah ya kai mu Asabar da wane lokaci kake buɗe shago? Zan zo da ita da wayoyin duka biyu.